Gurasar Maƙwabta

Cheriyamattam, 6 ga Maris, 1984

Zuwa ga yayana, Kuruvilla Chettan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da waɗanda kuke tare a makarantar limaman coci a Pune. Mu nan lafiya lau. Kaka dai idonta ya ƙara hazo, bakinta kuwa yana nan yadda ka san shi. Cikin mamata, Ammachi, ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta sun kumbura, ungozoma ta hana ta ɗaukar tulu.

Wataƙila ba ka gane ni ba. Ni ce Rahel, 'yar Chandy na gidan bakin rafi. Kakanka da kakana wa da ƙane ne. Sau ɗaya muka haɗu, a bikin yayanka Varkey Chettan. Ni ce wadda ka miƙa wa ayaba ta gudu bayan ƙofa. Ka yafe mini rubutuna, a aji bakwai na tsaya.

Ammachi ce ta ce in rubuto maka. Tun wasiƙar Kirsimeti ba mu sake samun ta babana, Appachan, ba, alhali da bai taɓa wuce mako uku ba. Sau huɗu muna rubutawa Sharjah, shiru. Tunda Varkey Chettan yana aiki a tashar jiragen ruwa ɗaya da shi, ko ya faɗa maka wani abu? Ammachi ta ce mai dafa abinci a jirgin kaya ba shi da lokacin kansa, kuma ba gidan waya a tsakiyar teku. Tana faɗa tana dariya. Sai dai duk sanda mai kawo wasiƙu ya kaɗa ƙararrawar kekensa, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Magana ta biyu tawa ce, ba ita ta sa ni ba. Jiya muka shiga babban azumi. Bana ni zan yi gurasar Pesaha, wato Idin Ƙetarewa, ta Alhamis Mai Tsarki, don Ammachi ba ta iya durƙuson niƙa, Kaka kuma ba ta gani. Perappan, yayan Appachan, shi zai zo ya yanka mana bayan ya yanka ta gidansa. Ya ce karatun da ake yi kafin yankawa ni zan yi, wai tabaraunsa ya ɓata. Shekara uku ke nan yana ɓata. Na buɗe littafin Fitowa na gwada, Chettan, sai tsoro ya kama ni. Jini a jikin ƙofa, mutuwa tana bin gida gida tana dubawa. Me ya sa ake karanta wannan a kan abinci? Na tambayi Kaka ta ce, "Haka muka tarar. Ke da ko tsince shinkafa ba ki gama iyawa ba, Musa za ki tuhuma?"

Kai da kake karatun abin, ka gaya mini da kalmomi masu sauƙi. In ba ka da lokaci ba komai.

Ƙanwarka,
Rahel


Pune, 14 ga Maris

Rahel mole,

Yanzu da har abada. Lafiyata ƙalau, in ban da tari da ƙurar garin nan ta sa mini. Kullum gurasar alkama suke ba mu, har na fara mafarkin shinkafa da kifi. Na gane ki sarai. Ayabar nan ni na cinye ta daga baya.

Maganar Appachan, ba ni da abin da zan iya rubuta miki yanzu. Varkey yana rubuta wa Perappan kai tsaye, shi ne babba. Ki kula da Ammachi, kada ta yi aikin wahala.

Tambayarki ba rashin kunya ba ce. A babin da kika karanta, in kin je ƙasa, za ki ga an ce yara za su tambaya, iyaye kuma su amsa. Kada ki gaya wa Kaka ni na faɗa.

Ga yadda na fahimta. Allah bai ce wa mutanen Musa su riƙa ba da labarin kawai ba. Cewa ya yi su ci shi, kowace shekara, a gida, da gurasar da ba ta jira yisti ba, don wanda ake fitarwa daga bauta ba shi da lokacin jiran ƙullu ya tashi. Yaron da bai ga Masar ba, in ya tauna, ya shiga cikin waɗanda aka fitar. A daren wannan idin ne Ubangijinmu ya zauna da almajiransa, ya ɗauki irin wannan gurasar, ya gutsuttsura ya ba su, ya ce jikinsa ne. Washegari aka kashe shi. Ɗan ragon da jininsa ya tsare ƙofa a Masar, inuwarsa ne. Shi ya sa abin da Fada yake yi a bagade ranar Lahadi a sujadar Kurbana, da abin da kakanninmu suka riƙe a teburin gida ranar Alhamis ɗin nan, labari ɗaya suke ba mu a baki. Na coci ne babba, na gida yana tuna mana da shi.

Game da tsoron, ba zan ce miki babu abin tsoro ba. Jinin bai ce ba wanda zai taɓa mutuwa a gidan ba. Waɗanda suka fito daga Masar sun mutu daga baya a jeji, kusan dukansu. Mutuwa ba ta daina bin gidaje ba, mole, yarinyata. Abin da alamar take faɗa shi ne mutanen gidan nan suna da mai su, ko ta shiga ba za ta riƙe su ba.

Ki gaida Kaka da Ammachi.

Kuruvilla


Cheriyamattam, 25 ga Maris

Chettan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Yaya tarin? Ammachi ta ce ka dafa masoro da citta ka sha da zafinsa. Muna lafiya. Akuyarmu ta haifi biyu.

Na karanta wasiƙarka sau biyar. Na gane ta yisti, na gane ta ɗan rago. Ta ƙarshen ce ban so ba, amma na gode.

Har yau shiru. Na tare Perappan a hanya na tambaye shi wasiƙar Varkey Chettan. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai ranar. Ya ce, "Jirgi ya yi nisa," yana kallon akuya, ba ni ba.

Mutane sun cika kirki kwanan nan, ban san dalili ba. Fada ya zo gidanmu sau biyu a mako ɗaya, shi da sai an yi rashin lafiya yake hawo tudun nan. Ya zauna, ya sha baƙin kofi, ya tambayi watan haihuwa, ya tafi. Zuwa na biyu ma watan haihuwar ya sake tambaya. Da ya fita Kaka ta ce, "Wannan Fadan ko shi zai karɓi haihuwar ne?" A rafi, in na iso, sai matan su koma maganar sabulu. Wata ta karɓi wankina ta matse mini, abin da ba a taɓa yi ba.

Ran Laraba kuma Perappan ya zo da adda da safe. Ya sare reshen mangwaron da ya rufe tsakar gida, ya nome ciyawa har bakin hanya, ya kwashe duwatsu, ya daidaita ƙasa. Kaka ta ji sara ta fito da sandarta.

"Kai, Mathan, biki za a yi ban sani ba?"

"Macizai, Kaka. Zafi ya zo."

"Shekara sittin ina gidan nan macizai ba su dame ka ba. Ko aure za ka ƙara, ka zama na farko a cocinmu?"

Bai yi dariya ba. Da ya gama ya tsaya yana auna filin da ido, kamar mai shirin kafa rumfa. Ammachi tana bakin taga tana kallonsa. Sai ta koma ciki.

Na sayi sabuwar tukunya ta Pesaha, na kife ta a saman rumbu inda ba mai taɓawa. Ina da wata tambaya. Ka san gidan da aka yi rashi a shekarar ba sa yin gurasa, maƙwabta ne suke kai musu. Bara da surukar maƙwabciyarmu ta gefen rijiya, Eli Chedathi, ta rasu, ni aka aika na kai musu a faranti, rufe da ganyen ayaba, ta hanyar baya. Ta karɓa tana kuka. Me ya sa? Gidan ya ƙazantu ne, Allah ba ya son gurasarsu? In haka ne ai an haɗa musu biyu, ga rashi ga kora. Na duba babin ban ga inda aka faɗa ba.

Ƙanwarka,
Rahel


Pune, 3 ga Afrilu

Rahel mole,

Yanzu da har abada. Tari ya tafi, ki yi wa Ammachi godiya. Na makara da amsa, jarrabawa muke yi. Kuma na rubuta wasiƙar nan sau uku ina yagewa.

A'a, ba ƙazanta ba ce, kada ki sake tunanin haka. Dokar ba ta cikin Littafi a rubuce, al'adar kakanninmu ce, kuma in kin tambayi tsofaffi biyar za ki ji dalili biyar. Zan faɗa miki nawa. Koma farkon babin. An ce in mutanen gida sun yi kaɗan, ba za su iya cinye ɗan rago su kaɗai ba, sai su haɗu da maƙwabcin da ya fi kusa da su. Gidan da aka yi rashi ya ragu, mole. Ba a kore shi daga idin ba, an hana shi yin idin shi kaɗai ne.

Ki kuma duba yadda muke yi a Kurbana. Ba wanda yake zuwa da tasa daga gida, ba mai kai hannu bagade ya ɗauka. Mutum ya zo, ya buɗe baki, a ba shi. Almajiran ma a daren nan ba su kawo komai ba, ba su ma gane abin da zai faru washegari ba. An miƙa musu, suka karɓa. Na daɗe ina zaton sujada ita ce abin da muke kai wa Allah. Yanzu ina ganin tun daga Masar shi ne yake fara bayarwa, namu ya biyo baya. Karɓa ma sujada ce, kuma ta fi wuya.

Ga shawara, ki saurare ni da kyau. Bana ki bar Eli Chedathi ta yi muku gurasar. Ammachi ta yi nauyi, aikin duka a kanki yake. Ki ajiye tukunyar nan sai wata shekara. Ba abin kunya ba ne gida ya karɓa.

Ina sa ku a addu'a kowace safiya, kowa da sunansa.

Kuruvilla


Cheriyamattam, 9 ga Afrilu

Chettan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Muna lafiya. Ina fata jarrabawa ta yi kyau.

Na gane abin da kake nufi. Kana ganin ban iya ba. Ba laifinka ba ne, yarinyar bayan ƙofa ka sani. Amma shekarata goma sha huɗu, tun ina da takwas nake kankare wa Ammachi kwakwar Pesaha. Na san awon shinkafa da na baƙin wake, na san ba a barin ƙullun ya kwana, na san yadda ake ɗora gicciyen ganye a tsakiya. Sau biyu na gwada turarawa a tsohuwar tukunya, Kaka ta ci ta ce ba za ta kashe mutum ba. A bakinta wannan yabo ne.

Bayaninka na maƙwabci ya yi mini daɗi, na daina jin haushin al'adar. Amma ai na gidan da aka yi rashi ne. In Appachan ya dawo ya ji an kawo wa gidansa gurasa a rufe kamar gidan makoki, don kawai 'yarsa ta ji tsoron tukunya, da wane ido zan dube shi? Ban nuna wa Ammachi wasiƙar ba, kada ranta ya ɓaci.

Zan yi. In ta yi kyau zan gaya maka.

Rahel


Pune, 14 ga Afrilu

Rahel mole,

Yanzu da har abada. Lafiyata ƙalau. Kada ki karanta wannan a gaban Ammachi. Ki tafi gidan Perappan, ki zauna kusa da matarsa, sannan ki ci gaba.

Ban taɓa shakkar hannunki ba. Na yi ta kewaye-kewaye ne don an sa ni alkawari, yau zan karya shi.

Appachan ya rasu, mole. A ƙarshen Janairu wuta ta tashi a jirginsu yana tsaye a tasha. An kai shi asibiti, ya kwana biyu. Varkey yana riƙe da hannunsa, an kira masa fada, an binne shi a can cikin Kiristoci. Perappan da Fada suka yanke kada a faɗa sai Ammachi ta sauka, saboda cikin da ta yi ta rasawa a baya. Mu maza muka zauna muka tsara komai, har wurin rumfar addu'a, ba wanda ya tuna da Pesaha. Sai da wasiƙarki ta farko ta zo na ga ramin da muka bari.

Ki nuna wa Perappan wannan. Ki ce ni na ce su nemi mafita kafin Alhamis, kada a bar ki ke kaɗai da tukunyar nan. Ki yafe mini. Na yi ta koya miki Littafi alhali gaskiyar da kika fara tambaya na riƙe.

Kuruvilla


Cheriyamattam, 16 ga Afrilu

Chettan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ban ga amsarka ba. Wataƙila mako mai tsarki ne wasiƙu suka yi yawa, wataƙila kuma ka yi fushi. In maganata ta yi kaifi ka yafe mini. Muna lafiya. Ammachi ba ta cin abinci sosai, ta ce cikin ne ya danne.

Jiya Lahadin ganye. Na samo ganyen kwakwa mai kyau a coci, dogo, ba tsaga, na soke shi a bayan hoton Iyali Mai Tsarki. Daga jikinsa zan yanki gicciyen gurasa.

Da yamma Eli Chedathi ta shigo, wai aron turmi. Turminta ya fi namu. Ta zauna tana murza bakin zanenta, can ta dubi Ammachi ta ce, "Annamma, bana ki bari in haɗa da taku. Ƙullu ɗaya ne, wuta ɗaya, yarinyar nan ta huta."

Kaka tana kwance a benci, na zaci barci take. Sai ta tashi zaune.

"Wa ya mutu a gidan nan, Eli?"

"Haba Kaka, ni dai cewa na yi..."

"Na ce wa ya mutu? Ni ce? Ga ni zaune. In kin ƙosa ki kawo mini gurasa a rufe, ki jira baɗi, ba zan ba ki kunya ba."

Na zaci Chedathi za ta rama, don ita ma ba ta barin ta kwana. Ba ta rama ba. Ta dubi Ammachi, ta dube ni, ta tashi ta fita. Turmin ma ba ta ɗauka ba.

Na yi mamaki da ku biyu kuka kawo shawara ɗaya, kai a Pune ita a gefen rijiya. Ashe kowa kallon ragguwa yake mini.

Wani abu kuma. Yau mai wasiƙu ya kaɗa ƙararrawa a ƙasan tudu, Ammachi tana yankan albasa, ba ta ɗago ba. Na ce, "Ammachi, ga mai keke." Ta ce, "Na ji." Ta ci gaba da yanka.

Laraba zan wanke ɗakin girki. Ka yi mini addu'a kada gurasar ta tsage, Kaka ta ce wadda ta tsage ba alheri ba ce.

Ƙanwarka,
Rahel


Cheriyamattam, Asabar, 21 ga Afrilu

Chettan,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Wasiƙarka ta sha huɗu ga wata yau ta iso. Na karanta ta a ɗakin girki, ba sai na je gidan Perappan ba. Na yafe maka. Ammachi tana kwance, ungozoma ta zo jiya da yau, ta ce ɗan yana motsi, amma kada ta sauka tudu. Kaka ba ta ci komai ba tun Alhamis.

Ranar Alhamis na yi gurasar. Ba ta tsage ba. Na dafa madarar kwakwa da mazarƙwaila, na rufe komai, na tafi coci sujadar wankin ƙafa. Da na dawo rana ta kusa faɗuwa. Na zaga baya in ɗaure akuya, sai na ga Eli Chedathi tsaye a gefen rijiya, da faranti rufe da ganyen ayaba.

Na ce, "Chedathi, ai mun yi tamu."

"Na sani. Tun safe nake kallon hayaƙinku."

"To wannan ta wa ce?"

Ba ta amsa wannan ba. Ta ce, "Mijina ya ce in na tako nan sai ya karya mini ƙafa. Ga ƙafar na kawo. Bara ke kika miƙo mini, da hannun nan naki. Ba zan iya zama in ci tawa ina hango fitilarku ba, ina sane da abin da na sani."

Ban tambaye ta abin da ta sani ba. Kafin ta rufe baki na riga na sani, kamar na daɗe da sani.

Ta ce, "In kin ce in koma da ita zan koma, mole. Ba wanda ya gan ni."

 Na yi tunanin cikin Ammachi. In na ɗora tawa, za a ci lafiya a kwanta, wataƙila har ta sauka ba ta ji ba. Na kuma yi tunanin Perappan zai yi addu'a a kanta ya yanka, yana sane, ni ma ina sane, in karanta maganar Allah da bakina in miƙa wa uwata ƙarya ta tauna, a wannan daren. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Na miƙa hannu na karɓa.

Na bar tawa a cikin tukunya, na ɗora ta Chedathi a tebur. Perappan ya zo, bai ga bambanci ba, gurasa dai gurasa ce a wurinsa. Na yi karatun ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya cire gicciyen, ya yanka, ya tsoma a madara, ya fara ba Kaka tunda ita ce babba.

Kaka ta tauna. Sai bakinta ya tsaya. Shekara talatin tana cin girkin Eli Chedathi a biki da makoki.  Can ta haɗiye, ta ɗaga murya ta ce, "Ba laifi. Tafarnuwa ta yi yawa, amma yarinya ce. Annamma, ke da cikin nan za ta sa ki ƙwannafi. Kawo naki in ci miki."

Ammachi ta ce, "Tun yaushe ake ci wa wani Pesaha, Kaka?"

Ta karɓa daga hannun Perappan. Ta ci a hankali, ta tsince ɓurɓushin da ke tafinta ta cinye. Sannan ta ce, "Eli ba ta taɓa iya rage tafarnuwa ba."

 Ta juya wajen Perappan.

"Chettan, wane wata?"

"Janairu."

"An binne shi, ko ruwa ne?"

"An binne shi. Varkey yana wurin. Da fada."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ba yarinyar nata, ba ta ci ba." Ya ba ni, hannunsa yana ɗigar da madara a tebur. Sai da na haɗiye sannan Kaka ta kira sunan Appachan, irin kiran da take masa in abinci ya sauka. Daga nan maƙwabta suka fara shigowa. Ashe duk suna tsaye a hanya.

Daga baya Ammachi ta ce mini ta daɗe tana zargi, ni take ɓoye wa.

Saura tawa da ke cikin tukunya. Ba a ci, gidanmu bai kamata ya yi ta ba. Ba a zubarwa, ba a ba dabba, da gicciye a kanta. Ban tambayi kowa ba. A babin an ce abin da ya kwana daga abincin idin a ƙone shi da wuta. Da safiyar Juma'a na hura murhu na sauko da ita.

Sai ga Ammachi ta shigo tana dafa bango, ta zauna a kujerar tsugune, ita da aka hana tashi. Ta ce, "Ɓallo in gani." Na ɓallo mata gefe. Ta duba cikin, ta matsa da yatsa, ta shinshina, ba ta kai baki ba.

Ta ce, "Ta nuna har ciki. Da babanki ya ce ta fi tawa, don kawai ya ba ni haushi."

Ta sa gutsuren a wuta da hannunta, ta miƙo hannu in ba ta saura.

Ƙanwarka,
Rahel